Filifo Burunelleski: Maƙerin da Ya Rufe Majami'ar Fulorans

An haifi Filifo Burunelleski a birnin Fulorans na ƙasar Italiya cikin shekarar 1377. Mahaifinsa marubucin takardun shari'a ne, amma shi ɗan sai ya zaɓi ƙirar zinariya. A 1401 ya shiga gasar ƙera ƙofofin tagulla na ɗakin baftisma na birnin, aikin kuwa ya faɗa hannun abokin hamayyarsa, Lorenzo Giberti. Daga nan ya karkata ga gini, ya tafi birnin Rum yana awon kufan gine-ginen mutanen da, yana nazarin yadda suka ɗaura rufinsu.

A wannan zamani akwai abin da ya dami mutanen Fulorans. Tun 1296 suka aza harsashin babbar majami'arsu, Santa Mariya del Fiyore, amma tsakiyarta na nan a buɗe. Faɗin wurin ya kai kimanin mita 45, ga shi kuma sai an hau fiye da mita 50 kafin a fara ɗora ƙubba. Bisa al'ada, magina kan kafa katakai su tallafi rufi har ya bushe, to amma katakon da zai tallafi wannan ƙubba ya fi ƙarfin samu.

Da aka sa gasa a 1418, Burunelleski ya kawo shawarar gina ƙubbar ba tare da wannan tallafi ba. Aka ba shi aikin a 1420, aka haɗa shi da Giberti, amma sannu a hankali ragamar ta koma hannunsa. Ya yi ƙubbar riɓi biyu, ta ciki mai kauri da ta waje mai sauƙi, da matakala a tsakaninsu. Ya ɗaure ta da zobba na duwatsu don kada ta buɗe. Wajen jera jan bulo kuwa, sai ya riƙa tsayar da waɗansu a tsakanin na kwance, su kame su kada su zame. Haka kowane zagaye ya riƙe kansa. Ya kuma ƙera na'urar ɗaga kaya wadda shanu ke juyawa, tana hawa da sauka ba tare da an juya shanun ba.

A 1436 aka gama ƙubbar, kuma cikin shekarar ne Paparoma Yujin na Huɗu ya keɓe majami'ar. Burunelleski ya rasu ran 15 ga Afrilu, 1446, bai ga ƙaramar hasumiyar da ya tsara wa ƙolin ba, domin sai 1461 aka kammala ta. An binne shi cikin majami'ar, aka sake gano kabarinsa a 1972. Har yau babu ƙubbar jan bulo a duniya da ta kai tasa girma.