Sarki Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya tara al'ummomi a birnin Zinder

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Damagaram ranar hawan salla ya ga abin da ba kasafai ake gani wuri guda ba. Mahaya masu sarautun Barebari suna wucewa, maroƙa na yi musu kirari da Hausa, ga Buzaye cikin rawunansu, ga Fulani sun shigo daga rugage. Wannan haɗuwa tana da tarihi, kuma sunan da ya fi fitowa a cikinsa shi ne na Sarki Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya rasu a 1884.

Asalin gidan sarautar Damagaram daga Borno yake. Wani malami, Malam Yunus, shi ya kafa shi a shekarun 1730. Mahaifin Tanimun, Sulaiman ɗan Tintuma, ya mai da fada Zinder a farkon ƙarni na 19, a tsakiyar talakawa masu jin Hausa. Sarakunan suna kai gaisuwa ga Shehun Borno a Kukawa, kuma ƙasarsu ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Ke nan Tanimun ya tashi a gida mai harshe biyu da al'ada biyu.

Bai sami sarauta cikin ruwan sanyi ba. Ya hau gado a 1841 lokacin da ɗan'uwansa Ibrahim ya sami saɓani da Borno, amma bayan shekara biyu Ibrahim ya komo kan karaga. Sai a farkon shekarun 1850 Tanimun ya sake karɓar mulki, ya riƙe shi kimanin shekara 30.

Aikin da aka fi tunawa da shi shi ne ganuwar da ya kewaye Birni da ita. A cikinta maƙera suka riƙa zuba igwa, ana haɗa albarushi, sarki kuma ya kafa rundunar ƴan bindiga. Da wannan ƙarfi ya faɗaɗa ƙasarsa, ya sa Muniyo da ƙasashen Sosebaki irin su Mirriya suka bi Zinder. Labarin baka na cewa lokacin ginin an binne Alƙur'ani da ƴan mata budurwai a jikin ganuwar don kada birnin ya ciwu. Labarin yana nuna yadda mutanen zamanin suke kallon sarauta: sarki na bukatar addu'ar malamai, yana kuma bukatar tsarin da aka gada tun kafin Musulunci ya kafu. A Damagaram ta Tanimun alƙalai na shari'a, almajirai na karatu, ƴan bori da masu tsafin gargajiya kuma ba su ɓace daga ƙauyuka ba.

A wajen ganuwa akwai Zongo, masaukin ayari. Nan Buzayen Abzin, musamman Kel Ewe, suke sauke raƙumansu bayan sun gangaro daga Agadas ta Damargu, sun ratso ƙasar arewacin Zinder inda Dakusa take. Nan kuma Larabawan Turabulus da Gadamas suke haɗuwa da fataken Kano. Gishirin Bilma, kanwa, jemammun fatu da gashin jimina duk suna canja hannu a kasuwar. Tanimun bai tsaya ga karɓar haraji ba, shi kansa ya shiga fatauci yana tura ayarinsa arewa. Rabuwar garin gida biyu dabara ce ta zama tare: Birni na sarauta, Zongo na baƙi da ciniki, kowa da shugabansa da al'adarsa, amma duk ƙarƙashin sarki ɗaya.

Haka abin yake a cikin fada. Sarautu irin su Ciroma, Kaigama da Yarima daga tsarin Borno aka ɗauko su, suna zaune kafaɗa da kafaɗa da sarautun da ake kira da Hausa, kamar Sarkin Fulani. Bayin fada ma sun sami manyan muƙamai, domin sarkin da ya yi rigimar gado da ɗan'uwansa ya fi amincewa da wanda ba zai nemi karagarsa ba. A hankali Hausa ta zama harshen da kowa ke ji, daga zauren sarki har rumfar kasuwa, ba tare da gidan sarautar ya manta asalinsa ba.

Sai dai wannan ɗaukaka tana da farashi mai nauyi. Babban ɓangare na dukiyar Damagaram daga bayi ya fito. Rundunar sarki na kai hari garuruwa, a kamo mutane, wasu a sa su noma da aikin fada, wasu a sayar wa ayarin da ke tsallaka Sahara a musanya da bindigogi da kayan alatu. Wasu daga cikin al'ummomin da suka cika Zinder a lokacin ba da son ransu suka zo ba. Wanda zai yabi Tanimun kan tara jama'a, ya kamata ya tuna da waɗannan ma.

Bayan rasuwarsa ƴaƴansa suka gaje shi, Sulaiman sannan Amadu Kuran Daga. A zamanin Amadu aka kashe kyaftin Cazemajou na Faransa a Zinder a 1898, a 1899 kuma Faransawa suka ci rundunar Damagaram a Tirmini. Igwogin Tanimun ba su tare su ba. Turawa suka mai da Zinder babban birnin Nijar daga 1911 zuwa 1926, ganuwa kuma ta zube sai ɗan abin da ya rage.

Abin da bai zube ba shi ne tsarin zama. Har yau Birni da Zongo suna nan da sunayensu, ana naɗa masu sarauta da laƙabin Barebari cikin kiɗan Hausa, mahauta na yin hawan ƙaho jama'a na kallo. Jikokin mai sarauta, na bafatake da na bawa duk Damagarawa suke kiran kansu.