Linda McCartney: Matar da ta bi mijinta har kan dandamali

An haifi Linda a Amurka a 1941. Tana sana'ar ɗaukar hoton mawaƙan rock ta haɗu da Paul McCartney na ƙungiyar Beatles, suka yi aure a Landan ranar 12 ga Maris, 1969. Bayan watsewar Beatles, Paul ya kafa Wings a 1971, ya ɗora ta kan fiyano alhali ba ta ƙware ba. Masu sharhi suka yi mata ca, ita kuwa ta ƙi sauka daga dandamali. Har da 'ya'yansu suke yawon wasa. An ce tsare Paul da aka yi a Tokyo a 1980 ne kaɗai ya taɓa raba su na kwanaki. Sankarar mama ta yi ajalinta a Arizona ranar 17 ga Afrilu, 1998, mako biyar bayan aurensu ya cika shekara 29.