Hugh Clapperton: Baƙon da Ya Rasu a Sakkwato, da Yaron da Bai Bari a Manta da Shi Ba

Sau da yawa idan muka binne namu, bayan kwanakin makoki sai kowa ya koma harkarsa. Kafin shekara ashirin, jikoki ba su san komai game da mamacin ba sai sunansa. A wannan darasi za mu duba rayuwar wani Kirista da ya rasu a ƙasar Sakkwato kusan shekara 200 da suka wuce, nesa da danginsa, amma har yau ana sane da kwanakinsa na ƙarshe domin mutum ɗaya ya riƙe amana.

An haifi Hugh Clapperton a garin Annan na ƙasar Sikotland a shekarar 1788. Mahaifinsa likita ne. Yana ɗan shekara 13 ya fara aikin jirgin ruwa, daga baya ya shiga sojan ruwan Birtaniya, har ya yi aiki a manyan tafkunan Kanada. Ba mai wa'azin bishara ba ne, gwamnatin ƙasarsa ce ta aiko shi binciken ƙasa da neman hanyar ciniki. A 1822 ya taso daga Tarabulus tare da Dokta Walter Oudney da Dixon Denham, suka ratsa Sahara, suka isa Kukawa ta Borno a farkon 1823. Daga can shi da Oudney suka nufo ƙasar Hausa. A watan Janairu 1824 Oudney ya rasu a kusa da Katagum, Clapperton ya karanta masa addu'o'in jana'iza, ya binne shi, ya ci gaba da tafiya. Ya shiga Kano a wannan watan, ya isa Sakkwato a watan Maris. Mutane sun fi saninsa da sunan tafiyarsa, Abdullahi.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓe shi da mutunci, Waziri Giɗaɗo kuwa shi ne mai masaukinsa. Bello malami ne mai zurfin karatu. Ya yi wa baƙon tambayoyi a kan ɗariƙun Kirista na zamanin dā, har Clapperton ya ga tambayoyin sun fi ƙarfin saninsa. Ya amsa cewa shi ɗan Furotesta ne. Sun yi magana a kan ciniki da kuma hana sayar da bayi zuwa bakin teku, Bello ya ba shi wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila.

Clapperton ya koma gida a 1825, bai daɗe ba aka sake aiko shi, wannan karon ta teku. Cikin 'yan rakiyarsa akwai wani saurayi, Richard Lander, ɗan mai gidan saukar baƙi daga garin Truro, wanda aka haifa a 1804. Aikinsa hidimar maigida ce kawai. Akwai kuma wani dattijo Bagobiri da Turawa ke kira Pasko, wanda ya yi aiki a jiragensu, shi ne tafinta. Sun sauka Badagiri a ƙarshen 1825. Kafin su yi nisa cikin ƙasar Yarbawa zazzaɓi ya kashe Kyaftin Pearce da Dokta Morrison. Clapperton ya haye Kwara a Busa, ya kai Kano a tsakiyar 1826, ya sake saduwa da Bello a watan Oktoba. Cikin kyautar da ya kawo masa har da Sabon Alkawari da Zabura a harshen Larabci.

Amma lokaci ya canja. Yaƙi ya ɓarke tsakanin Sakkwato da Borno, ga shi kuma Clapperton yana ɗauke da wasiƙa da kyauta zuwa ga Shehun Borno. Jita-jita kuma ta bazu cewa Turawan da suka cinye ƙasar Indiya haka suke nufin yi a nan. Aka karɓe wasiƙar, aka hana shi wucewa Borno, maganar yarjejeniya ta rushe. Abin ya ci masa rai ƙwarai.

A watannin nan yakan je Magariya, ribaɗin Bello da ke kusa da inda Wurno take, a kwarin gulbin Rima. A can ne, a watan Fabrairu 1827, ya yini yana farauta cikin rana, ya gaji, ya kwanta a ƙasa mai laima ƙarƙashin itace. Daga baya ya gaya wa Lander cewa tun ranar bai sake jin daidai ba. A watan Maris atuni ya kwantar da shi a Sakkwato, cikin tsananin zafin bazara.

Wata guda cur Lander yana jinyarsa. Shi ke dafa masa abinci, shi ke wanke masa tufafi, shi ke yi masa fifita. Da maigidan ya kasa tafiya, sai yaron ya riƙa ɗaukarsa zuwa inuwa da safe, ya mayar da shi ɗaki da yamma. Kowace rana yakan karanta masa wani sashe na Sabon Alkawari da Zabura ta 95, wadda Clapperton bai taɓa gajiya da jin ta ba. Da ya ga alamar ba zai tashi ba, ya damƙa wa Lander littattafan da ya rubuta labarin tafiyarsa, ya umarce shi ya kai su Ingila. Ya rasu ranar 13 ga Afrilu 1827, yana da shekara 38.

Bello ya ba da izini a binne shi bisa ga addininsa, ya kuma aiko masu haƙa kabari. An ɗora gawar a kan raƙumi zuwa wani ƙauye da Lander ya rubuta sunansa Jungavie, kimanin mil 5 daga Sakkwato. Babu fasto, babu mawaƙa, babu ikkilisiya. Saurayi ɗan shekara 23 ya buɗe littafin addu'a, ya karanta tsarin jana'iza na Ikkilisiyar Ingila daga farko har ƙarshe yana hawaye. Sa'an nan ya biya aka gina ɗan ɗaki a kan kabarin.

Shi ma ciwo ya kama shi, amma ya murmure, ya kama hanya. A Badagiri aka zarge shi da leƙen asiri, aka tilasta masa shan guba, Allah ya kuɓutar da shi. Ya isa Ingila a watan Afrilu 1828 da takardun maigidansa. An buga su a 1829, a 1830 kuma Lander ya fitar da nasa littafin, inda ya ba da labarin jinyar da jana'izar. A wannan shekara shi da ƙanensa John suka bi Kwara cikin kwalekwale har teku, suka warware tambayar da maigidansa ya mutu yana nema. Bello kuwa ya rasu a Wurno a 1837, kabarinsa yana can.

Me wannan labari yake koya mana? Da farko, abin da ya fi daraja cikin tunawa yakan kasance a hannun wanda ba a ba shi magana. Gwamnati ta san muƙamin Clapperton, amma yaron gida ne kaɗai ya san Zaburar da yake so. A Ayyukan Manzanni sura 9, da Dokas ta rasu a Yafa, gwauraye ne suka nuna wa Bitrus rigunan da ta ɗinka. A jana'izarmu manyan baƙi ke riƙe makirufo, matar da ta kwana wanke majiyyaci tana bayan gida wajen tukunya. Dattawa da zumuntar mata, mu riƙa ba masu jinya wuri su faɗi abin da suka gani.

Na biyu, mu tuna da namu cikin gaskiya. Clapperton mutum ne mai saurin fushi, rigimarsa da Denham sananniya ce, aikin da aka aiko shi ma bai yi nasara ba. Duk wannan bai rage ƙaunar Lander gare shi ba. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye laifin Dawuda ko na Bitrus ba. Yabon da babu gaskiya ciki ba ya ta'azantar da iyalin da suka zauna da mutumin.

Na uku, kada mu manta da alherin maƙwabta. Sarkin da ya yi saɓani da baƙon shi ne ya ba da ƙasar binne shi. Da yawa cikinmu sun ga maƙwabci Musulmi ya kawo hatsi ko ya zauna zaman makoki tare da mu. Wannan ma ya shiga labarin da za mu ba 'ya'yanmu.

A ƙarshe, mu rubuta. Iyali su zauna tun dattawa suna da rai, kowa ya kawo abin da ya tuna: aikin mamacin, ranar baftismarsa, ayar da yake so, marayun da ya riƙe. Yaro ɗaya ya ɗauki littafi da biro, ko ya naɗa da waya, a ba sakataren ikkilisiya kwafi ya ajiye. Ba ma roƙon matattu, ba ma kuma baƙin ciki irin na marasa bege, kamar yadda Bulus ya koya wa Tasalonikawa. Muna tunawa da su domin mu gode wa Allah da ya ba mu su, muna jiran ranar tashin matattu. Ubangiji ya ta'azantar da dukan masu makoki a cikinmu. Amin.