Tarihin Uwa Mary Martin, Sistar Da Ta Tsaya Wa Masu Haihuwa

Mu da ke Gyadi-Gyadi da Tarauni kullum muna ganin mata masu juna biyu suna shiga Asibitin Malam Aminu Kano awon ciki. Akwai lokacin da mace za ta mutu kan gwiwa ga sista a kusa, amma doka ta ɗaure mata hannu. Ga labarin baiwar Allah da ta ƙi yarda a zauna haka.

An haifi Marie Martin a shekarar 1892 kusa da birnin Dublin a ƙasar Ailan, ita ce ta biyu cikin 'ya'ya 12. A Yaƙin Duniya na Farko ta yi jinyar sojoji a Malta da Faransa, a wannan yaƙi kuma ta rasa ƙanenta. Bayan yaƙi ta koyi aikin ungozoma. A 1921 ta amsa kiran Bishop Joseph Shanahan, ta sauka Kalaba, ba ta kuwa zama sista ba tukuna.

Wahalar mata da jarirai da ta gani a ƙauyuka ta hana ta sukuni. Ta ƙudura kafa ƙungiyar sistoci masu aikin asibiti. Sai dai a lokacin dokar Ikilisiyar Katolika ta hana sistoci karɓar haihuwa da yin tiyata. Ta koma gida a 1924, ga rashin lafiya, ga ƙofofi a rufe. Ba ta yi wa shugabanni tawaye ba, ba ta kuma saki kiranta ba.

A watan Fabrairu 1936 Roma ta ɗage dokar. Marie ta komo Nijeriya, zazzaɓi ya kwantar da ita har aka fara fid da rai. A gadon asibiti a Fatakwal, ran 4 ga Afrilu 1937, ta yi wa'adinta ga Allah, ta zama Uwa Mary. Ranar ce aka kafa ƙungiyar Medical Missionaries of Mary. Likita ya sa aka mai da ita Ailan, abokan aikinta suka ci gaba da jinya a asibitin Anua, daga baya suka shiga kula da kutare a Ogoja.

Daga garin Drogheda ta horar da sistoci likitoci, da nas-nas, da ungozomomi, ta aika su ƙasashe da dama. A 1963 aka ba ta lambar yabo ta Florence Nightingale. Ta rasu ran 27 ga Janairu 1975.

Mu ma a Kano mun ɗanɗana aikin irinsu, gama sistocin St Louis sun iso nan a 1948, suka buɗe makaranta. Saura mu: wa zai raka maƙwabciyarsa awo, ko ya ba da jini ranar da haihuwa ta zo da gardama? Ubangiji ya ba mu zuciyar yi. Amin.