Gregor Mendel (1822–1884): Ɗan Manomin da Ya Gano Yadda Kama Take Ɓuya a Cikin Zuriya

Tsakure

Wannan maƙala ta bi rayuwar Gregor Mendel, mutumin da ake ɗauka a matsayin uban kimiyyar gado, tun daga gonar mahaifinsa har zuwa rasuwarsa ba tare da duniya ta san darajar aikinsa ba. An yi amfani da jan gashi a matsayin misali, domin a nuna yadda kama take iya ɓuya a cikin zuriya ta sake bayyana bayan kakanni da yawa, da kuma abin da sanin haka yake karewa na mutuncin iyali a ƙasar Hausa.

1.0 Gabatarwa

Idan yaro ya fito da kamar da babu ita a wurin uwa ko uba, Bahaushe yakan ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. A wasu gidajen maganar takan tsaya a nan. A wasu kuwa takan zama tsegumi, musamman idan jaririn zabiya ne, ko kuma gashinsa ya yi ja alhali iyayensa baƙin gashi gare su. Wanda ya fara nuna ƙa'idar wannan al'amari da alƙaluma bai yi aikinsa a kan mutane ba. Limamin Kirista ne a garin Brno, wanda ya shafe shekara takwas yana barbarar furannin wake da hannunsa yana ƙirga abin da ya fito.

2.0 Haihuwarsa da Karatunsa

An haife shi a watan Yulin 1822 a ƙauyen Heinzendorf, cikin daular Ostiriya ta wancan zamani, wato Jamhuriyar Cek ta yau. Sunansa na yanka Johann. Mahaifinsa Anton ƙaramin manomi ne da yake yi wa mai ƙasa aikin tilas na wasu ranaku a kowane mako, kuma a wurinsa yaron ya koyi aurar da itatuwan marmari. Malaman ƙauye suka ga hazaƙarsa, aka tura shi makarantar sakandare a garin Troppau. A 1838 gungumen itace ya faɗo wa mahaifin, ƙarfinsa ya ragu, ɗan abin da ake aika wa ɗalibin ya yanke. Daga nan ya koma koyar da 'ya'yan mutane domin ya ci abinci.

Tsakanin 1840 da 1843 ya yi karatu a cibiyar falsafa ta Olomouc cikin talauci da yawan jinya. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ƙanwarsa Theresia ta ba shi wani kaso na dukiyar da aka ware mata domin aure. Bai manta da wannan alheri ba, domin daga baya shi ya ɗauki nauyin karatun 'ya'yanta maza uku, biyu daga cikinsu suka zama likitoci.

A 1843, bisa shawarar malaminsa na kimiyyar lissafi Friedrich Franz, ya shiga gidan ruhubanawa na Waliyyi Toma da ke Brno, aka raɗa masa suna Gregor. Shugaban gidan, Cyril Napp, mutum ne mai sha'awar inganta irin tumaki da itatuwa, domin arzikin yankin ya dogara da ulu. An naɗa Mendel limami a 1847, amma ganin marasa lafiya da masu shirin mutuwa yakan kwantar da shi kansa, sai Napp ya mayar da shi koyarwa a garin Znaim a 1849. Ya zauna jarrabawar shaidar malanta a 1850, ya faɗi. Faɗuwar ta zame masa gobarar Titi, domin ita ta sa aka tura shi Jami'ar Biyana daga 1851 zuwa 1853, inda ya koyi tsarin gwaji da lissafi a wurin masana irin su Christian Doppler, ya kuma koyi ilimin tsirrai a wurin Franz Unger. Ya sake zama jarrabawar a 1856 bai yi nasara ba. Ke nan bai taɓa mallakar cikakkiyar takardar malanta ba.

3.0 Shekara Takwas a Lambu

Mutumin Dutse ba baƙo ba ne ga irin aikin da Mendel ya yi. Dabino akwai namiji akwai mace, kuma mai gona yakan hau ya ɗauki furen namijin ya sanya a na macen domin ta yi 'ya'ya. Ya kuma san cewa wanda ya shuka ƙwallo ba shi da tabbacin samun irin uwar, shi ya sa ake fifita dasa 'ya'yan gindi, aikin da ƙaramar tashar binciken dabino ta cibiyar NIFOR da ke Dutse take kula da shi. Manoman Turai su ma sun san waɗannan abubuwa a aikace. Abin da Mendel ya ƙara shi ne ƙidaya.

Ya zaɓi waken ƙasashen sanyi da ake kira fis, wanda furensa yake barbarar kansa. Ya tara iri 34, ya gwada su shekara biyu domin ya tabbatar kowanne yana haifar kamarsa, sannan ya riƙe 22. Ya ware kamanni bakwai masu fuska biyu-biyu, kamar tsawo da gajarta, ƙwaya mai santsi da mai tamoji, ƙwaya rawaya da koriya. Daga 1856 zuwa 1863 ya raini tsirrai kimanin 28,000. Yakan buɗe fure tun bai nuna ba, ya cire sashen namiji, ya shafa masa garin furen wani iri, ya rufe shi domin kada ƙwari su ɓata aikin.

Masana da yawa na lokacin suna ganin gado gauraya ne, kamar a zuba nono a cikin fura. Sakamakon Mendel ya saɓa wa haka. Da ya haɗa dogon iri da gajere, 'ya'yan farko duk dogaye suka fito, babu matsakaici. Da ya bar waɗannan suka barbari kansu, sai gajarta ta dawo a jikoki: dogaye 787, gajeru 277. A launin ƙwaya ya samu rawaya 6,022, koriya 2,001. A siffarta ya samu mai santsi 5,474, mai tamoji 1,850. Ko'ina rabon ya tsaya kusa da uku bisa ɗaya.

Bayanin da ya fitar shi ne kowace kama tana da ƙwayoyin gado biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Wata mai rinjaye ce, tana bayyana ko da ita kaɗai ce. Wata mai noƙewa ce, ba ta bayyana sai ta haɗu da 'yar'uwarta. Mai noƙewar ba ta narkewa, ba ta kuma ɓacewa, tana nan yadda take ana miƙa ta daga tsatso zuwa tsatso.

4.0 Shiru da Ƙarshen Rayuwa

Ya gabatar da aikin gaban ƙungiyar masana halittu ta Brno a zama biyu, ranar 8 ga Fabrairu da 8 ga Maris 1865, aka buga shi a mujallar ƙungiyar a 1866. Ya karɓi kwafe 40 ya rarraba wa masana. Wanda ya daɗe suna musayar wasiƙu da shi, Carl Nägeli na Munich, bai fahimci girman abin ba, ya kuma ƙarfafa masa gwiwa ya ci gaba da gwaji a kan wata ciyawa mai suna Hieracium. Ita wannan ciyawa tana yin iri sau da yawa ba tare da barbara ba, abin da ba a sani ba a lokacin, saboda haka rabon uku bisa ɗaya ya ƙi fitowa, shekaru suka tafi.

A 1868 aka zaɓe shi shugaban gidan bayan rasuwar Napp. Mulki ya cinye lokacinsa, ko da yake ya ci gaba da kiwon zuma da rubuta yanayin sama kullum. Shekarunsa na ƙarshe sun ƙare a jayayya da gwamnati a kan wani sabon haraji da aka ɗora wa gidajen ibada, wanda ya ƙi amincewa da shi har ya bar duniya. Ciwon ƙoda ya yi ajalinsa ranar 6 ga Janairu 1884, yana da shekara 61. Bayan rasuwarsa aka ƙone yawancin takardunsa.

Sai a 1900 masana uku, Hugo de Vries da Carl Correns da Erich von Tschermak, suka dawo da aikinsa fili. Bayan shekara biyu likitan Ingila Archibald Garrod ya nuna cewa wata cutar gado mai sa fitsari ya yi baƙi tana bin wannan ƙa'ida a jikin ɗan Adam, daga baya ya sanya zabiyanci a sahu guda.

5.0 Jan Gashi a Ma'aunin Mendel

Launin gashi da fata yana fitowa daga sinadarin melanin, wanda yake iri biyu: mai duhu da mai ja-ja. A 1995 masu bincike a Newcastle ta Ingila, ƙarƙashin Jonathan Rees, suka danganta jan gashi da canje-canje a ƙwayar gadon MC1R, wadda take kan sandar gado ta 16. Idan ƙwayar tana aiki sosai, jiki yana yin mai duhun. Idan mutum ya gaji mai rauni daga uwa da uba, sai mai jan ya yi yawa. Don haka iyaye biyu masu duhun gashi, kowanne yana ɗauke da ita a ɓoye, suna da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a kowane ciki na haihuwar mai jan gashi. Binciken baya-bayan nan ya nuna akwai wasu ƙwayoyin da suke sa hannu, shi ya sa lissafin bai kai na waken Mendel daidaito ba.

Masu jan gashi ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na mutanen duniya ba, sun fi yawa a Sikotland da Ayalan. Yawanci fatarsu fara ce mai ɗige-ɗige, rana tana saurin ƙona ta, haɗarin kansar fata kuma ya fi yawa gare su. Wani ƙaramin bincike da aka buga a 2004 daga Louisville ta Amurka ya samu mata masu jan gashi sun buƙaci ƙarin kimanin kashi 19 cikin ɗari na wani maganin sa barcin tiyata, amma manyan bincike da suka biyo baya ba su samu bambanci mai girman haka ba.

A ƙasar Hausa jan gashi yana da tushe fiye da ɗaya, kuma rarrabe su yana da muhimmanci. Akwai na lalle, wanda dattawa suke rina gemu da shi, wannan ado ne. Akwai na tamowa, inda gashin yaro yake yin ja ya yi laushi yana zuba, ƙafafu su kumbura. Likita Cicely Williams ta bayyana wannan ciwo a ƙasar Gana ta yau a 1933, kuma maganinsa abinci mai gina jiki da gaggawar zuwa asibiti. Sai na gado. A Afirka akwai wani nau'in zabiyanci da yake ba mutum fata ja-ja da jan gashi, wanda tushensa wata ƙwaya ce dabam mai suna TYRP1, an kuma fi nazarinsa a kudancin nahiyar. Shi da zabiyancin da aka saba gani duk masu noƙewa ne, wato sai uwa da uba sun haɗu wajen bayarwa.

6.0 Kammalawa

Darasin da ke nan ya shafi gidajenmu kai tsaye. Macen da ta haifi zabiya ko mai jan gashi ba ita kaɗai ta kawo kamar ba, rabin gadon daga mijinta yake. Musulmi sun san hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito na mutumin da ya yi shakkar ɗansa saboda launinsa, inda Annabi (SAW) ya jawo hankalinsa ga jajayen raƙumansa da akan samu mai launin toka a cikinsu saboda gadon wani kaka na nesa, bai kuma ba shi damar kore ɗan ba. Lissafin Mendel ya nuna hanyar da hakan yake faruwa.

Wannan lissafi shi ne kuma yake bayan gwajin jini kafin aure. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da ciwon sikila, kuma haihuwar ɗa ɗaya mai ciwon ba ta kare na bayansa. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse da yake zana wannan jadawali a aji, da ma'aikaciyar jinya da take yi wa masu neman aure bayani a Kiyawa ko Birnin Kudu, duk suna aiki da abin da ɗan manomin Heinzendorf ya ƙirga a lambun Brno shekara fiye da 150 da suka wuce.