Ettore Bugatti, Maƙerin Motocin Tsere

Samarin da ke cire wilin ƙarfe daga motocinsu suna sa na alminiyam mai walƙiya, ko a Agege ne ko a Sabon Ibadan ko a garejin Potiskum, kaɗan ne daga cikinsu suka san sunan mutumin da ake ba lambar fito da irin wannan wili a filin tsere. Sunansa Ettore Bugatti, Ba'italiye ne da ya yi yawancin zamansa a ƙasar wasu, kamar dai masu karanta wannan shafi.

An haife shi a birnin Milan na ƙasar Italiya ran 15 ga watan Satumba, 1881. Gidansu gidan masu sana'ar hannu ne. Ubansa Carlo gwanin sassaƙa kujeru da kayan ɗaki ne, ƙanensa Rembrandt kuwa ya yi suna wajen ƙera siffofin dabbobi. Shi Ettore bai yi karatun injiniya ba. Yana ɗan shekara 17 ya shiga koyon aiki a wani kamfanin kekuna da babura masu ƙafa uku, watau Prinetti da Stucchi, kafin a jima ya fara haɗa mota da kansa. A 1902 kamfanin De Dietrich ya ɗauke shi ya riƙa zana masa motoci, amma da yake bai cika shekara 21 ba, sai ubansa ne ya sa hannu a takardar yarjejeniya. Daga nan ya yi aiki da Mathis, ya kuma yi da kamfanin Deutz a birnin Kolon, inda ya ƙera wata 'yar ƙaramar mota a ɗakin ƙarƙashin gidan da yake haya. A 1909 ya tsaya da ƙafarsa, ya buɗe masana'anta a garin Molsheim na lardin Alsas, wanda a lokacin yana hannun Jamus.

Mutanen Arewa da suka saba da Fijo tun kafin a buɗe masana'antar Kaduna a 1975 za su so su ji cewa Bugatti ne ya zana ƙaramar motar nan da ake kira Bébé Peugeot, wadda kamfanin ya yi ta ƙerawa daga 1913 zuwa 1916, har aka yi wajen 3,000. Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, Bugatti ya binne waɗansu kayan injinan tserensa a ƙasa ya gudu, ya je ya yi aikin injin jirgin sama a Faris. Bayan yaƙi Alsas ta koma hannun Faransa, ya dawo ya tone kayansa. A 1921 motocinsa suka ɗauki na ɗaya har zuwa na huɗu a tseren Biresha.

Motar da ta ɗaukaka sunansa ita ce wadda ake kira Type 35. An fara fito da ita a babban tseren Faransa da aka yi a birnin Liyon cikin watan Agusta na 1924. Injinta silinda 8 ne a jere, girman lita 2, ƙarfinsa wajen doki 90. Lagiretonta mai siffar takalmin doki ne, mutumin kuma mai son dawaki ne ƙwarai. Amma abin da ya fi jawo idon jama'a ran nan ƙafafunta ne. A zamanin wilin motar tsere na wayoyi ne irin na keke. Shi kuwa Bugatti sai ya narka alminiyam ya zuba, kamar yadda masu tukwane ke yi, ya fitar da wili mai faffaɗan hannuwa 8, ya kuma zuba shi haɗe da gangar birki, suka zama abu guda.

Ba don ado ya yi haka ba. Na farko, wili marar nauyi ya fi bin ƙasa idan mota ta hau gargada, domin sifirin ba ya shan wahalar mayar da shi. Na biyu, alminiyam yana saurin watsar da zafi, saboda haka birki ba ya mutuwa bayan an yi ta taka shi a kwana. Na uku, da zarar makaniki ya zare wili, gangar birki ta biyo shi, ga takalman birkin nan a fili, sai a canja su tare da taya cikin ɗan lokaci. Watau wili da birki da nauyin mota duk lissafi ɗaya aka yi musu. Wannan shi ne abin da mai sayen wili a kasuwa yakan manta. Yakan ga ƙato mai sheƙi ya saya, ya sa masa siririyar taya, alhali ba a auna birki da sifirin motarsa da shi ba. Wilin ƙarfe in ya faɗa rami lanƙwashewa yake yi, a buga masa guduma ya miƙe a ci gaba da tafiya. Na alminiyam kuwa sau da yawa tsagewa yake yi, kuma ba kowane mai walda ne ya iya shi ba.

Ranar farko dai ba ta yi wa Bugatti daɗi ba. Tayoyin da aka yi wa motocin musamman suka riƙa ɓarewa, mafi ƙoƙari a cikinsu ta zo ta bakwai, Alfa Romeo ta ci tseren. Amma daga shekarar da ta biyo baya sai labari ya sake. A tsibirin Sisili ana wani tsere mai suna Targa Florio, a kan hanyar duwatsu mai kwana-kwana da ƙura, zagaye 5 na kilomita 108, jimla kilomita 540, ya kusa nisan Kano zuwa Maiduguri. Tsere ne da ba mai gudu ke ci ba sai mai jimiri. Motocin Bugatti suka ci shi shekara biyar a jere, daga 1925 zuwa 1929. A na 1928 ma wata mace 'yar ƙasar Cekosulobakiya, Elisabeth Junek, ta ja gaba na wani lokaci da tata Bugatti kafin ta ƙare ta biyar. A 1929 kuma Type 35 ce ta ci tseren Monako na farko.

Wani abin lura shi ne Bugatti yana sayar wa duk mai kuɗi irin motar da direbobinsa ke tsere da ita. Nan ne masu saye suka gane cewa gudu yana da haraji. Sandar da fistan ke juyawa a cikin injin tana tafiya ne a kan boris, abin da ya sa injin ke iya juyi 6,000 a minti, amma dole a riƙa kwance shi a kai a kai, kuma aikin ba na kowane makaniki ba ne. Saboda haka a 1925 ya fito da Type 35A. A ido kamar yayarta take, amma injinta mai sauƙi ne, ƙarfinta bai kai ba, wilinta na waya ne, kuɗinta da wahalar riƙonta sun fi sauƙi. Mutane suka laƙaba mata Tecla, sunan wani kamfani mai yin lu'ulu'un jabu. Duk da ba'ar an saye ta sosai.

A ɗaya gefen kuma, da farko ya ƙi yarda da na'urar hura wa inji iska, wadda ke aiki kamar zugazugin maƙera, ta cusa iska da mai fiye da abin da inji zai zuƙa da kansa. Da abokan hamayya suka matsa, ya sa ta, ya kuma ƙara girman injin zuwa lita 2.3 a Type 35B, ƙarfi ya haura doki 130. Ƙarin ƙarfi ƙarin zafi ne, sai da aka ƙara girman lagireto da birki. Masu tirelolin Potiskum da ke sauke shanu a Ikko sun san wannan karatu: in aka buɗe wa inji famfo ya ja da ƙarfi a hawa, mai da zafi da kuɗin gyara su ma hawa suke yi.

Mutum ne mai taurin kai, ma'aikatansa Maigida suke ce masa, kuma haka ya riƙe Molsheim kamar gandunsa. Akan kankare fuskokin injinsa da hannu har su haɗu ba tare da gasket ba. Amma ya daɗe yana riƙe da birkin waya bayan wasu sun koma na mai, sai a 1938 ya sauya. Da ɗansa Jean ya gwada sabon tsarin ƙafafun gaba, uban ya hana. Sai dai in ya ga abin da ya fi nasa yakan ɗauka a ɓoye: a 1929 ya ba da motocinsa 3 ya karɓi 2 ƙirar Miller ta Amurka, aka kwance su aka kwaikwayi kan injinsu.

Babban kuskurensa na kasuwa shi ne Royale, motar da ya yi domin sarakuna, mai inji lita 12.7 da nauyin fiye da tan 3, da siffar giwa ta ƙanensa a kan lagireto. Ta faɗo daidai lokacin karyewar tattalin arzikin duniya. Guda 6 aka yi, 3 kaɗai aka sayar, babu sarki ko ɗaya a cikin masu sayen. Abin da ya cece shi, ya ɗauki injinan ya sa a jiragen ƙasa masu gudu da ya ƙera wa Faransa daga 1933.

A 1936 ma'aikatansa suka shiga yajin aiki. Abin ya ci masa rai, ya koma Faris ya bar wa Jean masana'anta. Jean ya riƙe ta da kyau, motocinsu suka ci tseren awa 24 na Le Mans a 1937 da 1939. Ran 11 ga Agusta, 1939, Jean yana gwada motar da ta ci tseren a wata hanya kusa da Molsheim, ya kauce wa wani mai keke, ya daki itace ya mutu yana da shekara 30. Bayan mako uku yaƙi ya tashi. Jamusawa suka karɓe masana'antar, matarsa Barbara ta rasu a 1944, bayan yaƙi kuma gwamnatin Faransa ta riƙe wurin domin har lokacin takardunsa na Italiya ne. Ya zama ɗan ƙasar Faransa a 1946, ya yi shari'a, aka mayar masa da masana'antarsa a 1947 yana kwance ba lafiya. Ya mutu a wani asibiti a gefen Faris ran 21 ga Agusta, 1947, yana da shekara 65. Kabarinsa yana Dorlisheim, dab da Molsheim.

Duk motocin da aka yi da sunansa a zamaninsa ba su wuce 8,000 ba. A 1963 kamfanin Hispano-Suiza ya sayi masana'antar, aka koma ƙera ƙafafu da birkin jiragen sama a cikinta. A 1998 Volkswagen ya sayi sunan Bugatti, a 2005 aka sake fara fitar da motoci daga Molsheim.