Michael Faraday: Yaron shagon littattafai da ya buɗe ƙofar lantarki

Janareton da ke ruri a bayan shago, da taransifomar da ke bakin layi, da manyan injinan madatsar Kainji, duk asalinsu yana komawa ga wani gwaji da aka yi a Landan a shekarar 1831. Mutumin da ya yi gwajin bai taɓa zama ɗalibin jami'a ba. Makarantarsa ita ce shagon da ake ɗinka littattafai ana yi musu bango.

An haifi Michael Faraday ranar 22 ga Satumba, 1791, a unguwar Newington Butts da ke kudancin Landan. Mahaifinsa maƙeri ne mai yawan laulayi, saboda haka gidan ya sha fama da talauci, kuma karatun yaron bai wuce iya karatu da rubutu da ɗan lissafi ba. Yana da shekara 13 ya zama ɗan aike a shagon George Riebau, yana rarraba jaridu. Bayan shekara guda maigidan ya ɗauke shi koyon sana'ar ɗinkin littattafai na tsawon shekara bakwai.

Littattafan da attajirai ke kawowa a yi musu bango su suka zama malamansa. A kundin Encyclopaedia Britannica ya karanta bayanin lantarki, a littafin Jane Marcet kuma ya koyi ilimin sinadarai. Abin da ya karanta ba ya karɓarsa sai ya gwada shi da 'yan tarkacen da ya saya da kuɗin aljihunsa.

A 1812 wani mai hulɗa da shagon ya ba shi tikitin sauraron laccocin Humphry Davy, fitaccen masanin sinadarai na cibiyar Royal Institution. Faraday ya rubuta abin da ya ji daki-daki, ya ɗinke shi ya zama littafi mai shafi kusan 300, ya aika wa Davy tare da neman aiki. A watan Maris na 1813 aka ɗauke shi mataimaki a ɗakin gwaje-gwaje.

Ingila ta wancan zamani ƙasa ce da asali ke gaba da hazaƙa. Lokacin da Davy ya tafi rangadin Turai daga 1813 zuwa 1815, da izinin Napoleon duk da yaƙin da ake gwabzawa tsakanin Birtaniya da Faransa, Faraday ya bi shi yana yi masa har da aikin bara, matar Davy kuma ba ta ɗauke shi a bakin komai ba. Ya haƙura, domin tafiyar ce ta sada shi da Ampère a Faransa da Volta a Italiya.

A 1821 ya nuna cewa wutar lantarki na iya sa waya ta yi ta kewaya maganaɗisu, wanda shi ne mafarin injin da lantarki ke juyawa. Nasarar ta zo da ƙura. Aka zarge shi da ɗaukar tunanin William Wollaston, kuma da aka zo zaɓensa cikin ƙungiyar masana ta Royal Society a 1824, Davy da kansa ya ƙi goyon baya. Duk da haka aka zaɓe shi.

Ranar 29 ga Agusta, 1831, ya naɗa wayoyi biyu a jikin zoben ƙarfe, ba tare da sun taɓa juna ba. Ya lura cewa a daidai lokacin da ya kunna wuta a ɗayar ko ya kashe, sai wuta ta gilma a ɗayar. Cikin 'yan makonni ya tabbatar cewa motsa maganaɗisu a cikin naɗin waya yana haifar da lantarki. Daga nan aka samo taransifoma da janareto. Da yake ba shi da zurfi a lissafi, sai ya bayyana abin da ya gani da siffar layukan ƙarfi da ke kewaye maganaɗisu, kuma James Clerk Maxwell ne daga baya ya zuba wannan tunani a ma'aunin lissafi.

Wanda ya tashi yana ɗinka littattafan wasu ya wayi gari nasa ake ɗinkawa. Bincikensa kan lantarki ya fito cikin juzu'i uku, a 1839 da 1844 da 1855. A 1861 aka buga laccocinsa kan kyandir, inda ya yi amfani da harshen wuta guda ya koya wa yara yadda iska da ƙuna da numfashi suke.

Masana'antu sun riƙa biyansa kuɗi mai kauri don shawara, amma ya yi watsi da mafi yawan wannan aiki domin ya samu lokacin bincike. Aikin gwamnati kuwa bai guje masa ba. Ya koyar da ilimin sinadarai a makarantar hafsoshin soja ta Woolwich fiye da shekara 20, ya inganta fitilun da ke yi wa jiragen ruwa jagora, ya kuma binciki fashewar mahaƙar kwal ta Haswell da ta kashe mutum 95 a 1844. A lokacin yaƙin Kirimiya aka nemi ra'ayinsa kan shirin tura wa Rashawa hayaƙi mai guba, bai goyi bayan shirin ba. A 1862 ya bayyana a gaban hukumar da ke binciken manyan makarantun Ingila, ya nemi a sa kimiyya cikin darussansu.

Mabiyin wata ƙaramar ɗariƙar Kirista ce da ke ƙyamar tara dukiya da neman girma. Sau biyu aka yi masa tayin shugabancin Royal Society, sau biyu ya ƙi. Da mantuwa ta ci ƙarfinsa, ya koma wani gida a Hampton Court da Sarauniya Victoria ta ba shi, a nan ya rasu ranar 25 ga Agusta, 1867. Aka binne shi a maƙabartar Highgate, ba a Westminster da ake ajiye manyan ƙasa ba, kamar yadda ya so. Laccocin Kirsimeti na yara da ya assasa, wanda shi kansa ya gabatar sau 19, har yau ana yin su a cibiyar da ta ɗauke shi aiki a 1813.